Tambaya da Amsa: Gardamar Sakan 43 a Falakin Uɗaridu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin fiziks ne a wata makarantar sakandare. Wani ɗalibina ya kawo mini rubutun da ya karanta a intanet, inda marubucin yake cewa juyawar falakin Uɗaridu (Mercury), wato hanyar da take bi tana zagaye rana, wadda ake kafa hujja da ita a kan ingancin nazariyar Einstein ta ƙarfin janyowa (General Relativity), ana iya bayyana ta ba tare da wannan nazariya ba, kuma wai wani Bajamushe ya riga Einstein samo amsar da shekara 17 amma aka danne sunansa. Na kasa ba yaron amsar da za ta gamsar da shi. Allah ya gafarta malam, ina gaskiyar wannan magana?

Daga wani malami a Mabera, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibinku ya ɗauko tsohuwar gardama ce wadda manyan masana falaki suka shafe sama da shekara hamsin suna tafkawa, saboda haka bai kamata a kore shi da cewa ai Einstein ya gama magana ba. Akwai gaskiya a cikin abin da ya karanta, sai dai an yanke ta a inda ta fi daɗin ji.

Uɗaridu ita ce duniyar da ta fi kusa da rana, tana zagaye ta cikin kwana 88, kuma falakinta mai siffar ƙwai ne: idan ta matso tana kai nisan kilomita miliyan 46 daga rana, idan ta yi nesa kuma kusan miliyan 70. Da a ce rana da Uɗaridu ne kaɗai a sararin samaniya, dokar Newton ta ƙarfin janyowa ta hukunta cewa za ta riƙa bin sawunta na farko har abada, wurin kusantarta da rana ba zai gusa ba. To amma sauran duniyoyi suna janta, shi ya sa wannan wuri yake matsawa gaba kaɗan kaɗan, falakin gaba ɗaya yana juyawa. Ana auna juyawar da sakan na kusurwa, wato kashi ɗaya cikin 3,600 na digiri guda. Abin da aka auna ya kai kimanin sakan 575 a kowace shekara ɗari. Idan aka lissafa jan da sauran duniyoyi suke yi bisa dokar Newton, ana samun kimanin 532, inda Zuhura (Venus) take da kaso mafi tsoka, wajen 278, Mushtari (Jupiter) wajen 153, duniyarmu kuma wajen 90. Saura 43 ke nan da ba su da mai su. Domin ku kwatanta wa ɗalibai, faɗin wata idan ya cika yana kai sakan 1,800, don haka abin da ake rigima a kansa bai kai kashi ɗaya cikin arba'in na faɗin wata ba, kuma sai an tara shi shekara ɗari.

Wanda ya fara gano giɓin shi ne Urbain Le Verrier na Faransa a 1859, lissafinsa ya ba shi sakan 38, daga baya Simon Newcomb na Amurka ya gyara adadin zuwa 43 a 1882. Le Verrier ba ƙaramin mutum ba ne. Shi ne ya lura da tangarɗa a tafiyar Yuranus, ya lissafa inda wata duniya da ba a sani ba ya kamata ta kasance, aka duba daga Balin a watan Satumba na 1846 aka ga Naftun kusan daidai wurin da ya nuna. Wanda dabara ta yi wa irin wannan aiki dole ya sake gwada ta, don haka ya ce akwai wata duniya ko tarin ƙananan duwatsu tsakanin Uɗaridu da rana. Wani likitan ƙauye mai suna Lescarbault ya rubuto masa cewa ya ga wani baƙin ɗigo yana ratsa fuskar rana a watan Maris na 1859, Le Verrier ya je ya yi masa tambayoyi ya gamsu, aka raɗa wa sabuwar duniyar suna Bulkan. An yi ta nemanta a lokutan husufin rana, domin a lokacin ne ake iya ganin abin da yake dab da rana, kamar yadda waɗanda suka shaida husufin watan Maris na 2006 a Gusau da Katsina suka ga gari ya yi duhu da hantsi. A husufin 1878 a Amurka masana biyu, Watson da Swift, sun ce sun ga wani abu, amma wuraren da suka nuna ba su dace da juna ba, kuma da aka fara ɗaukar hotunan husufi da kyamara ba a ga komai ba. Ba a yi watsi da Bulkan don son rai ba, nemanta aka yi aka rasa.

Daga nan sai wasu suka juya ga dokar kanta. Newton ya ce ƙarfin janyowa yana raguwa gwargwadon nisa sau nisa, wato nisa a bisa ƙarfi na 2. A 1894 Asaph Hall ya nuna cewa idan aka mai da wannan 2 ta zama 2.00000016, sakan 43 za su fito. Lissafin daidai ne, kuma har yanzu masu rubutu a intanet suna sake gano shi suna tsammanin sabon abu ne. Matsalarsa ita ce doka ba ta zaɓen wanda za ta hau kansa. Idan ta canza ga Uɗaridu ta canza ga wata, kuma da Ernest Brown ya tace lissafin tafiyar wata a farkon ƙarni na ashirin, sai ya tarar tafiyar watan ba ta bar wa wannan ƙari gurbi ba. Kamar mai awo ne da ya murɗa sikelinsa har ya yi daidai da buhu guda da aka riga aka san nauyinsa, sannan duk buhun da aka ɗora bayansa ya fito ba daidai ba. A 1906 Hugo von Seeliger ya ce ƙurar da take kewaye da rana, wadda haskenta yake bayyana a sararin yamma bayan magariba a dare marar hazo, ita ce take jan Uɗaridu. Wannan ra'ayi ya samu karɓuwa sosai a zamaninsa, sai dai shi ma nauyin ƙurar zaɓarsa aka yi domin amsa ta fito, kuma ƙurar da take can ba ta kusanci wannan nauyi ba.

Bajamushen da ɗalibinku ya karanta labarinsa shi ne Paul Gerber, malamin makaranta kamarku, a garin Stargard. A 1898 ya wallafa wani lissafi da ya ginu a kan cewa ƙarfin janyowa ba nan take yake isa ba, yana tafiya ne da gudun haske, kuma ƙa'idar da ya fitar ta juyawar falaki iri ɗaya ce da wadda Einstein ya samu a 1915. Wannan gaskiya ne, babu mai musunta shi. Maganar danne suna ce ba ta da tushe, domin a 1917 Ernst Gehrcke, wanda yake adawa da Einstein, ya sa aka sake buga aikin Gerber a babbar mujallar fiziks ta Jamus, ita ce mujallar da take buga ayyukan Einstein. Masana sun karanta, Seeliger da Max von Laue suka yi raddi a rubuce, suka nuna cewa ƙa'idar ƙarshe ba ta fitowa daga sharuɗɗan da Gerber ya fara da su. Einstein kansa ya bayyana a 1920 cewa bai san aikin ba lokacin da ya yi nasa, kuma hanyar Gerber ba daidai take ba. Ku da kuke duba takardun jarrabawa kun san hukuncin amsa mai kyau da aka iso gare ta ta matakan da ba su haɗu ba. Ina ganin Gerber ya cancanci a ambace shi da mutunci, domin ya hango cewa gudun haske yana da hannu a lamarin, amma hangen nesa daban, hujja daban.

Abin da ya bambanta aikin Einstein, kuma shi ne nake so ɗalibinku ya riƙe, shi ne cewa ba a gina nazariyar don Uɗaridu ba, kuma babu wani adadi a cikinta da za a iya murɗawa. Ta ce nauyin rana yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayenta, sakamakon haka kuma jan da duniya take ji yana ɗan zarce na Newton idan ta matso kusa. Abin da ake zubawa a lissafin huɗu ne: nauyin rana, gudun haske, girman falaki, da yadda falakin ya kauce wa cikakkiyar da'ira, kuma dukkansu an auna su tun da daɗewa ta wasu hanyoyi. Da amsa ta fito 30 ko 60, da nazariyar ta faɗi. Hakan ma ya taɓa faruwa da shi: a 1913 shi da abokinsa Michele Besso sun gwada wani tsari na farko na nazariyar suka samu sakan 18 kacal, kuma daga baya ya yar da tsarin. A ranar 18 ga Nuwamba 1915 ya gabatar wa majalisar masana ta Balin lissafin da ya ba da 43.

Sannan wannan ƙa'ida, ba tare da an taɓa ta ba, ta ba Zuhura sakan 8.6, duniyarmu 3.8, Mirrihu (Mars) kimanin 1.4, kuma awon zamani ya tabbatar da su. Nazariyar ta kuma ce hasken tauraro zai karkata da sakan 1.75 idan ya gifta gefen rana, aka je tsibirin Firinsife a mashigin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, da garin Sobral na Brazil a husufin 29 ga Mayu 1919 domin a gwada. Awon wancan lokaci yana da rauni, an kuma yi gardama a kansa, amma na'urorin rediyo na baya sun tabbatar da adadin da matuƙar daidaito. A 1974 Hulse da Taylor sun gano wasu taurari biyu masu tsananin nauyi suna zagaye juna, falakinsu yana juyawa digiri 4.2 a kowace shekara, kuma nazariyar ta faɗi yadda falakin zai riƙa tsukewa, aka auna aka ga haka ne. A 2020 an auna irin wannan juyawa a wani tauraro da yake zagaye baƙin ramin da ke tsakiyar gungun taurarinmu, wato wani abu mai tsananin nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, sau ɗaya a kowace shekara 16. Saboda haka idan wani ya zo da sabon lissafi da ya fitar da 43, abin da za a tambaye shi shi ne nawa lissafin nasa yake ba Zuhura, nawa yake ba haske, kuma wane adadi ne a ciki ya zaɓa da hannunsa. Yawancin rubuce-rubucen da nake gani ba sa wuce tambayar farko. Wasu suna ɗaukar ƙaramar nazariyar Einstein ta 1905 kaɗai, wadda take ba da kimanin sakan 7, sannan su nemo dalilin ninka ta sau shida.

Ba ina cewa an rufe ƙofar bincike ba ne. Akwai masana na gaske da suke aiki a kan wasu nazariyoyin janyowa, musamman saboda matsalolin da suka shafi juyawar gungun taurari da faɗaɗar sararin samaniya. Sai dai kowannensu ya san sharaɗin shiga fage shi ne nazariyarsa ta ba da abin da ta Einstein take bayarwa a kewayen rana. Shawarata, Malam, ku ba yaron ƙa'idar da adadin nan huɗu, ya lissafa wa Uɗaridu da Zuhura da hannunsa. Juyawar zagaye ɗaya na Uɗaridu za ta fito kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan, Uɗaridu kuma tana yin zagaye wajen 415 a shekara ɗari. Aikin bai fi ƙarfin ɗan ajin ƙarshe mai kalkuleta ba.

TAMBAYA: Malam, na ji a wani darasi cewa idan rana ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, kumburin tsakiyarta zai iya juya falakin Uɗaridu. Shin wannan bai rushe hujjar ba?

Daga wata ɗaliba a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato

AMSA: Malama, wannan shi ne ƙalubale mafi ƙarfi da aka taɓa yi wa adadin 43, kuma wanda ya kawo shi gwani ne. Robert Dicke na Jami'ar Princeton, tare da Carl Brans, sun fitar da wata nazariya mai hamayya da ta Einstein a 1961, wadda take hasashen juyawar da ta ɗan gaza 43. A 1967 Dicke da abokin aikinsa Goldenberg suka wallafa awon da suka yi wa siffar rana, suka ce tana da kumburin da zai iya samar da kimanin sakan 3.4 shi kaɗai. Da hakan ya tabbata, da abin da ya rage bai kai 40 ba, lissafin Einstein ya yi yawa, na Dicke kuma ya dace. An ɗauki maganar da muhimmanci aka shafe shekaru ana sake awo. Abin da ya warware ta shi ne nazarin girgizar jikin rana, wanda yake nuna yadda cikinta yake juyawa, kuma ya bayyana cewa cikin ba ya gudu da saurin da irin wancan kumburi yake bukata. Gudummawar kumburin na gaske kimanin sakan 0.03 ce a shekara ɗari. Kumbon MESSENGER na Amurka, wanda ya zagaye Uɗaridu daga 2011 zuwa 2015, ya ba da damar auna nisanta daga duniyarmu da daidaiton da ba a taɓa samu ba, aka samu jimillar juyawar sakan 575.31, kuma bayan an cire rabon duniyoyi da na kumburin rana, abin da ya rage ya dace da 42.98 da nazariyar Einstein ta hukunta.