Ɗana zai tafi karatu Istanbul, ina fargabar girgizar ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ɗana ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Istanbul. Tun da na ga girgizar ƙasar da ta faru a Turkiyya a 2023 hankalina bai kwanta ba, ga shi ana cewa ita ma Istanbul tana jiran tata. Gaskiya ne? Ko in hana shi tafiya? Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun yaron. Fargabarki tana da tushe, ba zan ɓoye miki ba.

Akwai wata doguwar tsaga a cikin ƙasa da ta ratsa arewacin Turkiyya daga gabas zuwa yamma, tsawonta ya haura kilomita 1,000. Ƙasar da ke kudu da tsagar tana gusawa yamma da kimanin santimita 2 a shekara, amma gefen biyu sun ciji juna, sai ƙarfin ya yi ta taruwa har ranar da dutsen zai kasa riƙewa ya zame lokaci guda. Zamewar nan ita ce girgizar. A 1939 ta faru a Erzincan, can gabas, mutum sama da 30,000 suka rasu. Daga nan ta riƙa matsowa yamma: 1942, 1943, 1944, 1957, 1967, har zuwa 17 ga Agusta 1999 da ta afka wa Izmit, maƙwabciyar Istanbul, ta ci rai fiye da 17,000. Sashen tsagar da ya rage a wannan yankin shi ne wanda ke ƙarƙashin tekun Marmara, kilomita 15 zuwa 20 kudu da Istanbul, kuma rabon da ya yi babbar zamewa tun 1766. Wannan ne ya sa masana suke maganar. Ita kuwa ta 6 ga Fabrairu 2023 da kika gani, a wata tsagar daban ta faru, can kudu maso gabas.

Ranar fa? Babu na'ura ko masanin da zai iya faɗa. Duk wanda ya turo miki saƙon WhatsApp mai kwanan wata, ki share shi.

To a hana shi tafiya? A ganina a'a. Mutum kusan miliyan 16 ke zaune a birnin, kuma haɗarin da ke kansu ba ɗaya ba ne. Abin da ya bambanta su shi ne ginin da kowa yake kwana a ciki da ƙasar da aka kafa shi a kai. A nan nake so ki zuba kuɗinki da hankalinki.

Unguwannin bakin Marmara ta ɓangaren birnin da ke nahiyar Turai, irin su Avcilar, Kucukcekmece, Bakirkoy da Zeytinburnu, ƙasarsu mai laushi ce, tana ƙara wa girgiza ƙarfi. A 1999 Avcilar ta yi asarar ɗaruruwan rayuka duk da nisanta da Izmit. Arewacin birnin ya fi zama a kan dutse. Sai shekarun gini. An tsaurara dokar gini a 1998, aka sabunta ta a 2007 da 2018, kuma bayan 1999 aka ƙara sa ido a kan ingancin kankare. Gidaje da yawa da suka girmi wannan an zuba su da yashin teku da rodi marar gargada. Saboda haka tambayar farko da zai yi wa mai gida ita ce shekarar da aka yi ginin, ta biyu ko an taɓa gwada ƙarfinsa. Ya nemi ganin takardar DASK, inshorar girgizar ƙasa da doka ta wajabta wa gidaje. Akwai bayanin shekarun ginin a jikinta. Idan ƙasan benen shaguna ne masu faɗi babu bango, ya duba da kyau, don akwai masu sare ginshiƙi su faɗaɗa shago. Wannan ya fi komai ba ni tsoro, kuma ina faɗa wa 'yan kasuwarmu masu sauka a tsofaffin otal-otal na unguwannin Laleli da Aksaray haka nan. Na san ɗalibi araha yake bi, kuma ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a tsofaffin benaye su ne masu arahar. Hajiya, ki cika masa kuɗin haya ko da za a rage wani abu. Sabon masaukin ɗalibai na jami'a ya fi.

Idan girgizar ta zo yana cikin gini, kada ya ruga matakala, kada ya shiga lif, kada ya yi tsalle ta taga. Ranar 23 ga Afrilu 2025 an yi girgiza mai ƙarfin maki 6.2 a Marmara kusa da Silivri, a yammacin Istanbul. Mutum sama da 100 suka ji rauni saboda firgita da tsalle daga bene. Turkawa suna koya wa yaransu kalmomi uku, "çök, kapan, tutun": durƙusa, kare kai da wuya, riƙe abu mai ƙarfi kamar ƙafar tebur. In ta lafa, ya rufe gas, ya sa takalmi saboda fasassun gilasai, ya sauka ta matakala zuwa fili, nesa da bango da bakin teku.

Tun makon farko ya kafe kabad da shelf a bango, kada ya rataya abu mai nauyi a saman gadonsa. Ya ajiye ƙaramar jaka kusa da ƙofa: ruwa, tocila, usur, kwafin fasfo da katin zama, magani in yana sha, 'yan kuɗi a hannu. Ya san filin taruwar unguwarsu, wanda suke kira "toplanma alanı". Lambar agaji 112 ce.

Ke kuma ku yi yarjejeniya tun yanzu. Layukan waya sukan cushe bayan girgiza, kamar yadda aka gani a girgizar da aka yi a Istanbul a Satumbar 2019. Ya turo miki gajeren saƙo a rubuce, kuma ki karɓi lambar abokinsa ɗaya da ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar, don idan awa biyu ta wuce ba ki ji shi ba ki san wanda za ki nema.