Kuna Tambaya, Muna Amsa: Ziyarar Tsofaffin Wuraren Misra da Ƙaramin Guzuri

Zan raka mahaifina asibiti a Alƙahira, kuma bayan ganin likita za mu sami kwana biyar. Wani ejan ya kawo mini tsarin yawo da ya haɗa dalolin Giza, Luksor, Aswan da kwana a jirgin ruwa kan Nilu. Kuɗin ya yi mini nauyi. In daure in biya? — Wani ɗan kasuwa daga Kano

Allah ya ba Baba lafiya. Alhaji, kada ka biya. Luksor tana da nisan fiye da kilomita 600 daga Alƙahira, Aswan kuma tana gaba da ita. Dattijon da ya fito daga hannun likita ba zai ji daɗin wannan tsere ba, kuma rabin kuɗinka a hanya zai ƙare. Abin da ke Alƙahira kaɗai ya ishe ku kwana biyar har ya yi saura.

Ku ware safiya ɗaya don Giza, ku isa da zarar an buɗe ƙofa, kafin rana ta take. Tikitin shiga filin ya ba ku damar ganin dalolin uku da gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum, wanda Misrawa ke kira Abul Haul. Shiga cikin babbar dalar Khufu, wadda aka gina kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tikiti ne daban mai tsada, kuma ban ba ka shawarar sayensa ba. A duƙe ake hawa, ta wani lungu mai zafi da ƙarancin iska, a ƙarshe a tarar da ɗaki babu ado babu rubutu, sai akwatin dutse wayam. In kai kana son ganin cikin dala, ka je Dahshur, kudu da Giza, inda tikitin shiga wurin ya haɗa da shiga Jar Dala, kuma babu cunkoso. A hanya ɗaya Sakkara take, mai dalar sarki Joser mai hawa shida, wadda ta girmi na Giza. Mota ɗaya za ku yi shata ta yini ta kai ku duka biyun. Masu raƙuma da dawaki kuwa, in za ka hau, ku yanke kuɗi da tsawon tafiya kafin ka ɗora ƙafa, ka kuma tabbatar da fam ɗin Misra ake magana.

Sauran kwanakin kuma, ku ba tsohon birnin Musulunci na Alƙahira, don a nan ne nake ganin mai ƙaramin guzuri ya fi cin riba. Masallacin Amru bin Asi a Fusɗaɗ, wanda aka kafa wajen shekarar 641, shi ne na farko a Misra. Masallacin Ibn Ɗulun an gama shi a 879, kuma har yau yana tsaye da hasumiyarsa mai matakala ta waje. Azhar an aza harsashinsa a 970, kuma a cikin masaukan ɗalibansa na da akwai na mutanen Barno. Duk waɗannan masallatai ne da ake salla a cikinsu. Abin da za ka kashe bai wuce ɗan ihsani ga mai tsaron takalma ba. Titin Mu'izz, mai cike da gine-ginen daulolin Faɗimiyya da Mamluka, tafiya a kansa kyauta ce, sai dai wasu gine-ginen ne ke da tikiti. Ku je bayan la'asar ku zauna har a kunna fitilu. Kabarin Imam Shafi'i ma yana cikin birnin, a maƙabartar Ƙarafa. Ina da yaƙinin Baba zai fi riƙe sallar da ya yi a Azhar a zuciyarsa fiye da kwanan jirgin ruwa.

Abu ɗaya kafin ku tashi: yawancin manyan wuraren tarihi na Misra yanzu da katin banki ake sayen tikiti, ba da tsabar kuɗi ba. Ka tambayi bankinka ko katinka zai yi aiki a waje.

Ni burina ɗaya ne, in ga gawar Fir'auna da idona. A ina take, kuma sai na ɗauki ɗan jagora? — Wata malama daga Maraɗi

Malama, ba kya buƙatar jagora, amma kina buƙatar sanin gidan da za ki, domin mutane da yawa suna biyan tikiti a inda ba nan ba. A da gawarwakin sarakunan suna tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir. A watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa gidan tarihin wayewar Misra da ke Fusɗaɗ. Can za ki je, kuma tikitin shiga ya haɗa da zauren gawarwakin. Ba a ɗaukar hoto a ciki.

Alƙur'ani bai ambaci sunan Fir'aunan zamanin Annabi Musa, alaihis salam, ba. Masu bincike sun fi ambaton Ramsis na Biyu, wanda ya yi shekara 66 yana mulki, ko ɗansa Marnabta. Dukansu suna wannan zaure, kowa da sunansa a rubuce. Duk wanda ya ce ki ƙara masa kuɗi ya nuna miki na gaskiyar, ki riƙe kuɗinki. Gidan ba shi da nisa da masallacin Amru, don haka ki haɗa su rana ɗaya.

Ɗalibi ne ni a Alƙahira. Na tara ɗan abin da zai kai ni Luksor kwana uku. Yaya zan yi ya ishe ni? — Wani ɗan'uwa daga Zariya

Madalla da wannan niyya. Fara da katinka na ɗalibi: a wuraren tarihin Misra ɗalibi mai ƙarancin shekaru rabin kuɗi yake biya, kuma katin ɗalibai na duniya, ISIC, shi ne ba a musu a kansa. Ka tafi da shi tare da fasfo. Lokaci kuma, tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi. A bazara zafin Luksor yana haura digiri 40, kuma kwarin da kaburburan suke babu inuwa.

Ka manta da jirgin sama. Jirgin ƙasa na ɗaukar wajen awa goma, amma ana cajin baƙi fiye da 'yan ƙasa, saboda haka ka gwada farashinsa da na motocin safa irin su Go Bus. In ka bi na dare, ka tsira da kuɗin masaukin kwana ɗaya. Ka sauka a gaɓar yamma, inda ƙananan masaukai suka fi sauƙi, ka riƙa tsallaka Nilu a jirgin fiton da mutanen gari ke hawa. Abinci ka ci nasu: ful (dafaffen wake) da ɗa'amiyya (irin ƙosansu) da safe, koshari (shinkafa da taliya da wake) da rana.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne Kwarin Sarakuna. Kaburburan sun fi 60, amma tikitin gama-gari na uku kawai zai shigar da kai daga cikin waɗanda suke buɗe. Na Ramsis na Uku da na Huɗu suna da zane mai launi da zai sa ka tsaya ka yi shiru. Kabarin Tutankhamun, wanda aka gano a 1922, tikitinsa daban ne, kuma ƙarami ne. Suna ne ya yi masa yawa. Dukiyar da aka samu a ciki tana sabon babban gidan tarihi na Giza, wanda aka buɗe a Nuwamban 2025, kusa da inda kake zaune. In kana da rarar kuɗin tikiti ɗaya na daban, ka sa shi a kabarin Ramsis na Shida, ka ɗaga kai ka dubi rufinsa.

Babban haikalin Karnak kada ka yi masa rowa, na kuɗi ko na lokaci. Zauren ginshiƙansa 134 ya cancanci safiya guda cur. Manyan gumakan Memnon biyu suna bakin hanya, kallonsu kyauta ne. Haikalin Luksor kuma ka je da magariba, ka yi salla a masallacin Abul Hajjaj da aka gina a kan wani sashensa.

Wace tsaraba zan sayo wadda ba za a cuce ni ba? — Wata uwargida daga Kumasi

Hajiya, takardar fafirus, irin ta rubutun Misrawan da, wadda ake tallarta da arha a bakin dala galibi ta ganyen ayaba ce, tana karyewa in an naɗe ta. Ki sayi abin amfani a kasuwannin da ke bayan Azhar: zoɓo, dabino, jallabiya, littattafai, kuma ki yi tayi sosai. Wanda ya ja ki gefe ya ce yana da tsohon abu da aka tono daga ƙasa, ki wuce. In jabu ne kin yi asara, in na gaske ne dokar Misra ta 1983 ta haramta cinikinsa da fitar da shi, kuma hukuncin ɗauri ne.