A'a, kada a sallama yaran saboda suna

Ɗan'uwa, tambayarka ta fama min tsohon ciwo. Ka ce ko Yankees, ƙungiyarmu ta wasan baseball, su sallama yara biyu masu tasowa su karɓo mai rufe wasa (mai jifan zagayen ƙarshe) mai suna kafin kasuwar musayar 'yan wasa ta tashi a ƙarshen Yuli, tunda bulfen, wato rukunin masu jifan canji, sai zubar mana da wasa yake. Na san zafin nan sarai, amma ni dai a'a.

Har gobe ban warke daga daren 19 ga Oktoba 2019 ba. Wasa na shida na neman shiga gasar ƙarshe ta World Series, a Houston. LeMahieu ya rama mana a zagaye na tara, 4-4, na yi ihu har maƙwabcina ya buga bango. Sai ga Chapman, mai rufe mana wasa, mutumin da aka ba dala miliyan 86 na shekara biyar saboda irin wannan dare. Ya fitar da mutum biyu. Saura ɗaya fa! Sai ya ba Springer hanya kyauta (ya wuce ba tare da ya buga ba), sannan ya sako wa Altuve silaida (jifa mai lanƙwasa da bai kai saurin miƙaƙƙe ba) a sama, shi da yake jifan da ya wuce mil 100 a awa. Marisnick, wanda bai kai shi bugu ba, ne ke bin Altuve, me ya hana a kauce wa Altuve? Ƙwallo ta tsallake katanga, aka fitar da mu, Chapman kuwa ya tsaya yana murmushi. Wallahi murmushin nan ya fi min dukan ciwo. Ban runtsa ba har aka kira asuba. Shekara ta zagayo, Brosseau na Tampa ya sake yi masa haka.

Mai jifan canji bana zuma ne, baɗi maɗaci. Devin Williams da muka ba da Cortes da Durbin dominsa, Afrilun 2025 bai ƙare ba aka karɓe masa zagaye na tara. Clay Holmes kuwa da araha aka ɗauko shi daga Pittsburgh a 2021, ba wanda ya san da shi, 2022 ya shiga wasan taurari. Irinsa nake so a nemo, mutum biyu ko uku, masu saka ƙwallo a ƙasa, waɗanda ba sa rabon hanya kyauta.

Za ka ce Cubs fa, da suka ba mu yaro Gleyber Torres a 2016 suka karɓi Chapman suka ci kofi? Su shekara 108 suka yi suna jira, uzurinsu daban. Tambayi 'yan Boston da suka ba da yaro Bagwell, wanda ya zama tauraro daga baya, a 1990 saboda mai jifan canji Larry Andersen.

Kuma ko ka tara hannaye goma, wa zai ɗaga waya ya kira wanda ya dace? Cortes ya fi wata bai yi jifa ba aka tura shi gaban Freeman na Dodgers a World Series ta 2024, ya buga ƙwallon da ta cinye mu. Wannan ma ban son tunawa.

Ka duba min saura shekara nawa a kwantiragin mai rufe wasan da kake magana. In zai tafi bayan Oktoba, haya ce, ko yaro ɗaya ban yarda a bayar ba.