Ƙungiyarmu za ta kai wa ciyaman takardar matsaya, me za mu sa a ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan jihar Kano. Sau uku muna zama don mu fitar da matsaya kan abin da muke so ƙaramar hukuma ta yi mana, amma kawunanmu sun rabu. Wasu sun ce tunda Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ai yanzu ciyaman ya jiƙe, mu nemi ya ba ƙungiya babura da shinkafar azumi da kujerar Makka ga shugabanmu. Wasu kuma sun ce a'a, magudanar ruwa da makarantar firamare. Akwai ma wanda ya ce mu ba shi dubu hamsin ya kai mana takardar har teburin ciyaman. Ni tsorona kada mu rubuta abin da zai sa a ce mu 'yan adawa ne, a rufe mana ƙofa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Dubu hamsin ɗin nan ku riƙe abinku. Takarda ba ta buƙatar dillali. Ku buga kwafi biyu, ku kai ofishin karɓar wasiƙu na sakatariya, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku kwafin, ku dawo da shi ku adana. Wannan hatimin ya fi muku alkawarin duk wani mai cewa yana da hanya, domin shi ne shaidarku ranar da za a ce ba a ga takardarku ba. Kuma za a ce.

To, bari in tsaya a kan batun babura da shinkafa, don nan ne ciwon yake, kuma kusan duk ƙungiyar da ta zo wurina da shi take zuwa. Mutanenmu sun ɗauka kuɗin ƙaramar hukuma kuɗin ciyaman ne, in ya yi aiki ya yi alheri, in bai yi ba a yi haƙuri a sake komawa da roƙo. Shi ya sa takardun da nake gani suke farawa da shafi guda na kirari, "mai girma, uban marayu, gatan talakawa," sannan a ƙare da "muna roƙon alfarma." Alfarmar me? Daga asusun tarayya ana ware wa ƙananan hukumomi 774 kashi 20.6 cikin 100 duk wata, ban da nasu rabon na harajin VAT da abin da suke karɓa a kasuwa da tasha. Kano ita kaɗai tana da 44 a cikinsu. Kuɗin nan da sunan mai sayar da ƙosai na bakin layinku aka turo shi.

Na sha ganin yadda ziyarar roƙo take ƙarewa. Dattawa goma su sha manyan riguna, a zaunar da su awa uku a kan benci, a shiga da su minti goma, a ɗauki hoto, a miƙa wa shugaba ambulan a ce kuɗin mota ne. Shi ke nan an gama da ƙungiyar. Ranar da damina ta kawo ruwa ya ci gidaje saboda kwatar da ta toshe, wanda ya karɓi kujerar Makka ba shi da bakin magana, don bakin da ya ci shi ke godiya. Abin da ya fi muni, matasan unguwa suna kallo. Gobe ku kira taro ku ga ko mutum nawa za su zo. Sannan a rabon baburan nan ne za ku ɓata da juna: babur biyar, mambobi tamanin, wa za a ba?

Maganar cewa ciyaman ya jiƙe kuwa, rabin gaskiya ce irin ta WhatsApp. Hukuncin gaskiya ne: ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar da gwamnonin jihohi 36, Kotun Ƙoli ta ce a biya ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma ce kantomomin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Amma yanke hukunci daban, aiwatarwa daban. Sashe na 162 na kundin tsarin mulki da ya kafa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi yana nan a rubuce, kuma an yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin. Ko kuɗin ya iso, albashin malaman firamare da na ma'aikata da fansho ke fara cinye kaso mai tsoka. Don haka kada ku yarda da mai cewa kuɗi ya yi yawa, kada kuma ku yarda da "babu kuɗi" ba tare da takarda ba. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma, ku sa wani yaronku mai waya ya nemo muku na wata shida. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ku damar neman kwafin kasafin kuɗi a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. A da jihohi na cewa dokar ta tarayya ce, ba ta hau kansu ba, sai Kotun Ƙoli ta rufe wannan ƙofar a watan Afrilun 2025.

Masu maganar magudana da firamare su ne a kan hanya. Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu da kwashe shara da magudanai da fitilun titi, ya kuma sa ta haɗa hannu da jiha a firamare da kiwon lafiya. Taransifoma da 'yan sanda da titin tarayya ba nata ba ne, in kun cika takarda da su kun ba ta hanyar zillewa. Ku zaɓi abu uku kacal. Kowanne ku faɗi wurin da sunansa, tsawon kwatar, yawan azuzuwan da rufinsu ya yaye, ku haɗa da hoto, sannan ku ce matsayar ƙungiya ita ce a saka shi a kasafin baɗi. Ku kai tun kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake tsara kasafin, don in aka shiga Janairu sai a ce muku babu shi a ciki. Kansilan mazaɓarku ma ku ba shi nasa kwafin, tunda majalisarsu ce ke amincewa da kasafin.

Tsoron a kira ku 'yan adawa, ba zan ɓoye maka ba, wani zai faɗa ko me kuka rubuta. Sashe na 40 na kundin tsarin mulki ya ba ku 'yancin kafa ƙungiya don kare muradunku. Kada sunan jam'iyya ya shiga takardar, kada zagi, kada kirari. Ku sanar da mai unguwa da limami kafin ku kai, ku tabbatar cikin masu sa hannu akwai na jam'iyya mai ci da na waccan, da mata, don su ne ke kwana a asibitin da babu magani. In an yi wata guda shiru, ku sake rubutawa, ku ambaci kwanan watan da ke jikin hatimin farko.

Shi kuma shugabanku, a gaishe shi, a ce masa ya fara adashin gata a hukumar alhazai.