Kawu, ba matsalar netwok ba ce

Kawu barka da war haka, ya gida ya su Inna. Na ga tambayarka, wai ko mu ma gwamnati ce ta rufe mana intanet kamar yadda aka rufe Twitter a gida Najeriya a 2021, tunda sau uku kana turo min link ina cewa bai buɗe ba. Wallahi namu daban ne. A gida gwamnati ce ta sa kamfanonin waya suka toshe, a nan Ingila kuwa masu shafin ne da kansu suke rufe mana ƙofa, da sun ga daga Birtaniya kake shigowa sai su ce babu hanya.

Akwai wata doka Online Safety Act da aka yi a 2023 don kare yara, hukumar Ofcom ke kula da ita, kuma tun 25 ga Yulin 2025 shafin da ke da abubuwan manya dole ya tantance shekarunka, ko da katin banki ko fasfo ko ka nuna fuskarka a kamara. Wanda ya ƙi tara ce har fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na duniya, duk wanda ya fi yawa. Manya irin su Reddit sun bi, amma ƙaramin shafi da mutum ɗaya ke riƙe da shi ina zai samu kuɗin lauya? Sai ya toshe ƙasar kawai ya huta. Imgur, shafin ajiye hotunan da ka sa hoton a ciki, su ma sun janye daga Birtaniya tun ƙarshen Satumbar 2025, ko da yake su da hukumar kare bayanai suka samu saɓani kan bayanan yara.

Mu Hausawan Manchester kanmu a rabe yake, in an idar da Juma'a ana tsaye ana ta musu. Iyaye da yawa sun yi murna, ni ma ina cikinsu, wanda ke tarbiyyar yara a nan shi ya san abin da waya ke shigowa da shi ɗaki. Amma miƙa hoton fasfo ga kamfanin da ban sani ba, wannan kam raina bai kwanta ba. Ga kuma VPN, manhajar da ke ɓoye ƙasar da kake shigowa daga ita, ba a hana shi ba, yaran da ake son karewa sun fi mu iya shi.

A gurup ɗinmu yanzu an rage tura link, hoto ake ɗauka a turo. Don Allah Kawu ka sa Sani ya ɗauko hotunan bikin ya turo min ta WhatsApp, ina son yara su ga kakarsu.