Tambaya da Amsa: Jan Ruwan Inabi Mai Zaƙi, Lemo Ne Ko Giya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na tarar da kwalbar jan ruwan inabi a cikin kayan ɗana da ke jami'a, sai ya ce mini lemo ne, hujjarsa kuwa ita ce zaƙinsa. Shin giya tana yin zaƙi? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tana yi ƙwarai, kuma sau da yawa da gangan ake sa mata shi.

Idan aka bar ruwan inabi ya tsimu, yis yakan cinye sukarin da ke ciki ya mayar da shi barasa, abin da ya rage kuma sai ya zama mai tsami da bauri irin na ɗanyen goro, wanda bakin matashin da ya tashi da shan lemon kwalba ba ya karɓa da sauƙi. Masu sana'ar sun san da haka. Shi ya sa wasu ke tsayar da tsimuwar tun sukarin bai ƙare ba, wasu kuma su ƙara ruwan inabin da aka kafe ya yi kauri, domin zaƙi ya danne baurin. A dokar Tarayyar Turai, sai sukari ya kai giram 45 a kowace lita kafin a kira giyar inabi mai zaƙi, kuma irinsu Carlo Rossi na Amurka da 4th Street na Afirka ta Kudu suna da samfurin ja mai zaƙi a kantunan Najeriya.

Abin da ya fi damuna shi ne zaƙin yana ɓoye barasar ne kawai, ba ya cire ta, don haka yaro zai iya yi mata shan lemo ba tare da ya ankara ba. Irin wannan damuwar ce ta sa Jamus ta ɗora haraji na musamman a 2004 a kan lemukan da ake gaurayawa da barasa.

Sai dai kada ki yanke wa ɗanki hukunci tukuna, domin akwai ruwan inabi marar barasa da ake rabawa a wajen biki, kwalbarsa kuma kusan iri ɗaya ce. Ki kira shi ku duba takardar da ke jikin kwalbar tare. Idan kun ga lamba kamar 8% ko 13% kusa da "alc" ko "vol", to giya ce.