Sitiyari ya yi tauri: in sayi birenbos na Beljiyam?

Tambaya: Assalamu alaikum. Corolla gare ni, ƙirar 2010. Yau kwana uku ke nan fitilar P/S, wato ta gargaɗin sitiyari, na kunnuwa, sitiyari ya yi tauri kamar na tsohuwar gingimari. Makanikena ya ce birenbos ɗin sitiyarin, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa shi, ne ya mutu, in kawo kuɗi a aiko da na Beljiyam daga Legas. In saya? Daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Sitiyarin wannan Corolla ba ya amfani da mai, wani ƙaramin injin lantarki ne a jikin sandarsa yake taimaka maka murzawa, kuma yana shan wuta sosai. Da zarar batir ya yi sanyi ko altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, ta rage caji, sai sitiyari ya yi nauyi, fitila ta kama, alhali birenbos lafiyarsa lau. Ka kuwa san yadda zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato, da ke wuce digiri 40, yake cinye batir.

Saboda haka a fara sa mitar awon wuta a kan batir. Mota a kashe, batir mai lafiya yana nuna kusan volt 12.6, in ta tashi, tsakanin 13.5 da 14.5. A duba fyus, a goge kan batir in ya yi farin gishiri. Daga nan ka nemi mai sikana, wato na'urar da ke karanta matsalar mota, amma ka tambaye shi ko tasa tana karanta sitiyari, domin ƙananan nan masu araha inji kawai suke gani. Yana ɓata mini rai in ga an canja wa magidanci kaya mai tsada kan zato.

In sikana ta tabbatar birenbos ɗin ne, na Beljiyam ba laifi, sau da yawa na fi yarda da shi a kan sabon da ba a san asalinsa ba. Sharaɗi dai lambar jikinsa ta yi daidai da ta naka, harafi da harafi. Kama da wane ba ta wane. Ka ɗauki hoton lambar ka aika, ku kuma yi magana a gaban shaida cewa in bai yi ba za a karɓa.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a wurin. A cire kan batir, a jira aƙalla daƙiƙa 90 saboda jakar iska ta kariya daga hatsari da ke cikin sitiyari. In an kwance sandar, kada yaran gareji su yi ta juya sitiyarin, akwai siririyar wayar hon da jakar iska a naɗe a ciki, tsinkewa take yi. Bayan an ɗaura, dole a sake saita shi da sikana, in ba haka ba za ka ji yana rinjaya gefe guda.

Kafin a gama duk wannan, don Allah kada ka hau hanyar Gusau ko Illela da iyali.